Latinancin da Ke Gonakin Kura da Bunkure, da Littafin da Ya Kamata a Rubuta Masa

A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna "sharon" ta afka wa gonakin tumatir a Kura da Bunkure da Garun Malam, ta cinye ganye, ta huda 'ya'ya, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki jim kaɗan bayan buɗe ta saboda rashin abin markaɗawa. A takardun malaman gona da rahotannin masu bincike kuwa, wani suna ne dabam ya yi ta yawo, wato Tuta absoluta. Da wannan suna mai bincike a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru zai gano cewa daga Kudancin Amurka ƙwaron ya taso, ya ɓulla a Sifen a 2006 kafin ya gangaro Afirka, da shi kuma zai nemo abin da manoman wasu ƙasashe suka gwada ya yi musu aiki. An ƙera sunan ne bisa ƙa'idar Latin, harshen Rumawan da, wanda a yau babu uwar da ke yi wa ɗanta magana da shi. Yaran wannan yanki na noman rani suna cin karo da irin waɗannan sunaye daga aji zuwa gona, ana sa su haddace su ba tare da an buɗe musu ma'ana ba, kuma littattafan koyon Latinanci da suka shahara a duniya, duk kyawunsu, ba da ɗan Bahaushe aka yi nufin rubuta su ba. Ra'ayin wannan sharhi shi ne a rubuta musu ɗan littafi da Hausa, a gina shi kan abu biyu da suke da su a hannu: amfanin gonar da suka tashi a cikinsa, da nahawun Larabcin da ake karantarwa a zaurukan garinsu.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa, noma ya daina jiran damina a nan. Shinkafa da ruwan sama, alkama da tumatir da albasa da masara da rani, haka shekara take zagayowa. Ruwan bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da tashar binciken noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da malaman gona na KNARDA, da shagunan iri da maganin feshi, kuma dukansu idan aka zo takarda da sunayen Latin suke aiki. Ɗan babbar sakandare mai ɗaukar darasin aikin gona ko nazarin halittu dole ya san cewa shinkafa Oryza sativa ce, alkama Triticum aestivum, albasa Allium cepa, wake Vigna unguiculata, domin WAEC da NECO suna tambaya. Wanda ya wuce makarantar koyon aikin lafiya zai haɗu da Plasmodium falciparum mai haddasa zazzaɓin cizon sauro, da Schistosoma haematobium mai haddasa tsargiya, cutar da ke bin dodon-koɗin da ke zaune a cikin magudanan ban-ruwa. Sunayen nan kuwa ba ado ba ne. Bishiya guda wani ya ce mata darbejiya, wani dogonyaro, wani maina, wani bedi, amma Azadirachta indica ɗaya take daga Kano har Indiya, bisa tsarin suna mai kalma biyu da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita a littafinsa na tsirrai na 1753. Yadda ake koyar da su dai kowa ya sani: malam ya jera a allo, yara su kwafa, su haddace ranar jajibirin jarrabawa, su zubar a bakin ƙofa bayan an fito.

Da dalilin da ya sa babu al'adar koyar da harshen a nan. A Kudu, tun daga makarantar CMS Grammar School da aka buɗe a Legas a 1859, Latinanci yana cikin abin da ake auna ɗan boko da shi, kuma Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta fara aiki a 1948 da sashen Latinanci da Girkanci, inda irin su Bola Ige da Emeka Anyaoku da mawaƙi Christopher Okigbo suka yi karatu. A Arewa kujerar harshen ilmi ba ta kasance wofi ba, Larabci na kai shekaru aru-aru kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Har Makarantar Shari'a da aka kafa a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kan wannan turba ta tafi. In ban da makarantun horar da limaman Katolika da wasu na mishan, Latinanci bai yi saiwa ba. Saboda haka malamin da ya so taimaka wa ɗalibansa a Bunkure yau, ba shi da abin ɗauka sai littattafan waje.

Littattafan nan gida biyu ne. Gida na farko na masu fara da ƙa'ida ne: a ba ɗalibi jadawalin yadda ƙarshen suna da na aikatau ke sauyawa, ya haddace, sannan a ba shi jimloli ya fassara. Babbansu a ƙasashen da Ingila ta mallaka shi ne na Benjamin Kennedy wanda aka sabunta a 1888, a Amurka kuma na Frederic Wheelock na 1956 mai babi 40, wanda aka rubuta don ɗaliban jami'a. Littattafai ne masu ƙashi, babu ha'inci a cikinsu. Amma wanda suke wa magana mai Ingilishi ne daga nono, shi kuwa Ingilishi harshe ne da ya zubar da jinsin namiji da mace a sunayen abubuwa, ya zubar da kusan duk sauyin ƙarshen kalma. Don haka marubucin yana ɓata shafuka yana lallashin mai karatu ya yarda cewa tebur ko kogi na iya zama mace ko namiji, kuma sifa tana bin abin da take siffantawa. Idan aka miƙa wannan littafi ga yarinya a Kura, an ɗora mata kaya biyu: ta fahimci Ingilishin bayanin, wanda shi kansa bai zauna mata ba, sannan ta bi doguwar hanya zuwa wurin da harshenta ya riga ya ajiye ta.

Gida na biyu na masu fara da labari ne. Bayan jami'o'in Oxford da Cambridge sun janye sharaɗin sanin Latinanci ga masu neman shiga a 1960, harshen ya fara rasa ɗalibai a makarantun Ingila, shi ya sa a 1970 aka fito da jerin littattafan Cambridge, waɗanda ke ɗaukar yaro su ajiye shi a gidan wani attajiri a birnin Pompeii, ya yi ta karanta labarin gidan har dutse mai aman wuta ya binne birnin a shekara ta 79. Wanda ya fi su ƙarfin hali shi ne na Hans Ørberg ɗan ƙasar Denmak, wanda ya fara fitowa a 1955: babi 35 ne a juzu'in farko, kuma daga bango zuwa bango babu kalma ɗaya da ba Latinanci ba, zane da bayanin gefe ne ke buɗe kowace sabuwar kalma. A cikin duk littattafan waje shi ne ya fi dacewa da wanda Ingilishi ba harshensa ba ne, kuma duk ɗan Arewan da ke son karanta marubutan Rumawa irin su Cicero ko Virgil da kansa, nan ya kamata ya nufa. Sai dai shi ma yana da wanda ya hango lokacin da yake rubutu. Babinsa na farko taswirar daular Rum ce, yana kuma dogara ga cewa mai karatu zai tsinci kalmomi da yawa saboda kamanninsu da na harsunan Turai. Ga shi yana cin lokaci mai tsawo na zama a kai, ga shi sai an yi odarsa da dala. Uwa-uba, inda yake kai mutum shi ne adabin Rumawa, alhali ɗalibin Kadawa abin da ke gabansa shi ne sunan cutar da ta kama shinkafar babansa.

Abin da waɗannan littattafai ba su sani ba shi ne yawan guzurin da Bahaushe ke zuwa da shi. Na farko, jinsi. Wanda ya tashi yana cewa farin doki da farar saniya, gidan malam da gonar malam, ba sai an roƙe shi ya yarda cewa sifa tana sauyawa ba. A nuna masa kalma ɗaya mai ma'anar "wanda ake nomawa" a rigunanta uku: kokwamba Cucumis sativus, shinkafa Oryza sativa, tafarnuwa Allium sativum. Namiji, mace, sai jinsi na uku wanda ba namiji ba ba mace ba, shi kaɗai ne baƙo gare shi. Daga nan latas, Lactuca sativa, da habbatus sauda, Nigella sativa, sun shigo hannu kyauta. Na biyu, furuci. Wasulan Latinanci biyar ne, a da e da i da o da u, kuma yadda Bahaushe ke karanta su a boko ya fi kusa da furucin Rumawa nesa ba kusa ba fiye da yadda mai Ingilishi ke lanƙwasa su. Harshen yana bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke bambanta gadon kwanciya da gadon mamaci, yana kuma nauyaya baƙi mai shadda. Malamin da ke tilasta wa yara furta sunayen nan da lafazin Ingilishi yana raba su ne da abin da suka iya.

Na uku shi ne mafi girma, wato i'irabi. Abin da ke kayar da ɗaliban Latinanci a Ingila da Amurka shi ne fahimtar cewa ƙarshen kalma ne ke faɗin aikinta a jimla, ko ita ta aikata, ko a kanta aka aikata, ko mallaka take nunawa. Wannan kuwa shi ne darasin farko na duk wanda ya buɗe Ajrumiyya ko Nahawul Wadihi: fa'ili marfu'i, maf'uli mansubi, mudafun ilaihi majruri. Shinkafa idan ita ce ke aiki oryza ce, idan ita ake shukawa oryzam, idan aka ce "na shinkafa" oryzae. Yanzu a duba abin da wannan ƙa'ida ɗaya ke buɗewa a gonar Kura. Ƙwaron da ke cin shinkafa a buhu Sitophilus oryzae ne. Cutar da ke ƙona ganye da wuyan zangarniya Pyricularia oryzae ce. Ɗan ƙudan da ke sa shinkafa ta fito da bututu kamar ganyen albasa maimakon zangarniya Orseolia oryzivora ne, wato mai cin shinkafa. Yaron da aka nuna wa wannan sau ɗaya ya daina ganin sunaye uku baƙi, yana ganin kalmar da ya sani tana sauya ƙarshe. Gaskiya ne Latinanci yana da matsayin suna shida inda Larabci ke da uku, da gidajen sunaye biyar da kowanne ke da nasa salon sauyi, kuma gaskiya ne ba duk ɗan Islamiyya ne ya kai ga nahawu ba. Amma tunanin yana nan cikin gari, sunayen ƙa'idojin suna bakin malamai, kuma da wuya a rasa wanda ya karanci Ajrumiyya a kowace unguwa daga Kura zuwa Barkum.

Kamannin ma ya wuce nahawu, ya kai ga tarihin littattafan. Ɗan littafin tambaya da amsa da Donatus ya rubuta a Rum a ƙarni na 4 ya yi wa Turai hidimar da Ajrumiyyar Ibn Ajurrum na Fas, wanda ya rasu a 1323, ta yi mana: ƙarami ne, da shi ake buɗe baki, kuma ya yi kimanin shekara dubu a hannun yara. Wajen 1199 Alexander na Villedieu ya waƙe nahawun Latinanci a baitoci fiye da 2,000 don sauƙin hadda, kamar yadda Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, ya yi da Alfiyya, kamar kuma yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya waƙe nahawu a Bahrul Muhiɗi da sarafu a Hisnur Rasini. Hanyar zaure, inda almajiri ke karanta matani malam na fassara masa kalma-kalma da Hausa, ita ce ta raya harshen ilmi a ƙasar nan ba tare da ma'aikata ko kasafi ba, kuma sirrinta shi ne da harshen uwa ake buɗe baƙon harshe. Tana da nata ciwon, wanda malaman Larabci suka daɗe suna kuka da shi: a sami wanda ya haddace Alfiyya amma wasiƙa ta gagare shi. Ciwon da ya kama masu Kennedy ke nan a Ingila, kuma maganin da aka nema iri ɗaya ne, domin littafin da yaran Islamiyya suka sani da Bari da Biba ɗan'uwan littattafan Cambridge ne a manufa, labari a gaba, ƙa'ida a baya. Darasin da za a ɗauka daga ɓangarorin biyu shi ne a riƙe harshen uwa irin na zaure, amma a fara da abin da ido ke gani kafin a kawo ƙa'ida.

An taɓa yin irin wannan aiki. Wajen shekara ta 1000 wani malami a Ingila mai suna Aelfric ya rubuta nahawun Latinanci da Ingilishin zamaninsa, ya kuma tsara tattaunawa inda yara ke fitowa a matsayin mai huɗa da makiyayi da masunci da mafarauci, kowa na bayanin sana'arsa da Latinanci. A 1658 Comenius ya fitar da littafinsa mai zane-zane, inda kowane babi hoto ne na wani abu na rayuwa, gona ko masaƙa ko maƙera, da sunan kowane sashe da Latinanci da Jamusanci. Littafin da Kura da Bunkure ke buƙata jikan waɗannan ne, kuma bai kamata ya wuce shafi 80 ba. Ya fara da furuci, ya wuce ga jinsi da mallaka da jam'i, sauran kuma ya zama kalmomin da ke maimaituwa a sunayen tsirrai da ƙwari da cututtuka, an tara su iyali-iyali. Ga iyalin masu faɗin wuri: tsamiya Tamarindus indica, maɗaci Khaya senegalensis, aduwa Balanites aegyptiaca, giginya Borassus aethiopum, karfasa Oreochromis niloticus. Ga na masu faɗin amfani: esculentus, wato abin ci, da ke jikin sunan kuɓewa da aya, kuma ya zama esculenta a sunan rogo. Ga na masu faɗin siffa: kuka Adansonia digitata saboda ganyenta mai kama da yatsu, dawa Sorghum bicolor mai launi biyu, zogale Moringa oleifera mai ɗauke da mai, wanda ƙarshensa ɗaya da na dabino, Phoenix dactylifera. Kalma ɗari biyu ko uku irin waɗannan sun isa su haskaka mafi yawan sunayen da ɗan sakandare da malamin gona za su gamu da su.

Kayan haɗin ma ba sai an je nesa ba. Likita J. M. Dalziel ya wallafa jerin sunayen tsirrai da Hausa tare da na kimiyya tun 1916, ya biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen Latin a gaban itatuwa da ciyayi. Littafin William Stearn na 1966 kan Latinancin masana tsirrai ya riga ya tace nahawun da ake buƙata daga wanda ba a buƙata. Abin da ya rage shi ne mai haɗa su ya zuba su a bakin Bahaushe. Kayan aji kuwa suna bakin ƙofa: takardar da ke jikin fakitin iri, ganyen da yara za su tsinko su busar tsakanin tsofaffin jaridu su manna a kwali su rubuta masa suna da Hausa da Latin, ƙaramin allo da za a rataya a jikin kowace bishiyar makaranta, zangarniyar da cuta ta kama da za a ajiye gefen mai lafiya. Takardar maganin feshi ma darasi ce, amma hotonta za a kawo, kada a kuskura a shigo da galan ɗin aji ko da an wanke shi.

Wani zai ce wannan duk zancen mai ƙoshi ne. Jihar da gwamnatinta da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, inda yara ke zaune a ƙasa, inda ɗan aji shida ke kasa karanta jimlar Hausa, ina ita ina Latinanci? Suka ce mai nauyi, kuma da a ce ana neman a ƙara sabon darasi a jadawali ne, ko a taɓa firamare, da ta yi nasara. Ba haka ake nema ba. Sunayen nan suna cikin manhaja tuni, ana kashe musu lokaci tuni, ana faɗuwa jarrabawa a kansu tuni. Tambayar ita ce ko a ci gaba da kashe lokacin a hadda maras ma'ana, ko a ware minti goma daga darasin aikin gona a buɗe ma'anar. Abin da aka gane ya fi abin da aka haddace zama a kai, kuma ya fi saurin shiga. Akwai kuma riba ta gefe wadda ba ƙarama ba ce: kaso mai tsoka na kalmomin Ingilishin littattafan kimiyya da shari'a daga Latinanci suka fito, kai-tsaye ko ta hanyar Faransanci, don haka wanda ya riƙe saiwoyin ya sami sauƙi a Ingilishin da ke kayar da shi.

Wani kuma, a zuci ko a fili, zai ce ai harshen coci ne. Cocin Katolika ta riƙe shi, babu musu, amma harshen ya girme ta. Littafin zube mafi daɗewa da ya iso mana cikakke da Latinanci littafin noma ne, wanda Cato ya rubuta kimanin shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kuma ta wannan harshe ne ilmin Musulmi ya shiga Turai: a birnin Toledo na Sifen, Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara Ƙanun na Ibn Sina daga Larabci, littafin da jami'o'in Turai suka yi ƙarnoni suna karantar da likitanci da shi. Sawun Larabci yana nan a jikin sunayen, domin Tamarindus daga tamr hindi ne. Malamai sun san umarnin da Manzon Allah (SAW) ya ba Zaidu bn Sabit na ya koyi rubutun Yahudawa saboda buƙatar wasiƙu, kuma da shi suke kafa hujja kan koyon harshen wasu don amfani. Haruffan da ake karanta wannan sharhi da su ma na Rumawa ne, mun daɗe muna rubuta tafsiri da fiƙihu da su.

Suka mafi ƙwari daga masana harshen za ta fito. Za su ce wannan ba Latinanci ba ne, ɓawonsa ne: da yawa daga cikin sunayen Girkanci ne aka sa wa rigar Latin, kamar hypogaea da ke sunan gyaɗa mai nufin ƙarƙashin ƙasa, wasu sunayen mutane ne, kamar Adanson Bafaranshe da ke cikin sunan kuka, kuma wanda ya gama littafin nan ba zai iya karanta layi ɗaya na Virgil ba. Duk gaskiya ne, kuma littafin ya faɗi haka a shafinsa na farko, ya nuna wa mai son zurfi hanyar Ørberg da ta Ibadan. Za su ƙara da cewa masana tsirrai da kansu sun sassauta, domin daga farkon 2012 an yarda a rubuta bayanin sabon tsiro da Ingilishi maimakon Latinanci da ya zama dole tun 1935. Amma bayanin ne aka sassauta, sunan kansa yana nan kan ƙa'idar Latin. Masu cewa waya ta wadatar su ma suna da rabin gaskiya: ƙamusun Lewis da Short na 1879 da tsofaffin littattafan koyo suna intanet kyauta, manhajar Duolingo ma ta buɗe darasin Latinanci a 2019. Sai dai duk ta ƙofar Ingilishi ake shigarsu, kuma waya tana amsa tambayar wanda ya iya rubuta sunan daidai ne. Ga kuma wata matsala da hadda ba ta magancewa: sunaye na sauyawa idan bincike ya ci gaba. Tumatir da tsofaffin littattafai ke kira Lycopersicon esculentum yanzu Solanum lycopersicum ne, gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Ɗalibin da ya san cewa kalmar farko sunan dangi ce, ta biyu ta ɗan gida, zai gane abin da ya faru, shi kuwa mai hadda zai ɗauka ɗaya daga cikin malamansa ne ya yi kuskure.

Saura maganar malami, domin da wuya a sami waɗanda suka karanta Latinanci cikin masu koyar da aikin gona a wannan yanki, kuma ba za a same su nan kusa ba. Shi ya sa dole littafin ya iya tsayawa da ƙafarsa, ya zama malami na karanta darasi da dare ya koyar da safe, ya kuma iya tsallakawa ofishin malamin Larabci ya tambaye shi idan i'irabi ya rikice. Rubuta shi aikin mutum uku ne: masanin tsirrai, masanin Hausa da nahawun Larabci, da masanin Latinanci mai duba kuskure. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. NAERLS a Zariya ta saba buga ƙasidun noma da Hausa. Ibadan tana da na ukun. Kira gare su da Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kano shi ne su haɗa daftari, kada su yi gaggawar kai shi maɗaba'a, su fara gwada shi zango ɗaya a wasu sakandaren Kura da Bunkure da kuma hannun malaman gona na yankin, a auna waɗanda suka yi amfani da shi da waɗanda ba su yi ba. Idan bambanci bai fito ba a ajiye maganar, idan ya fito a buga shi a farashin da ɗan manomi zai iya saye.